Gefen Hagu na Allon Shogi

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Tela, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ne Habibu, na uku a 'ya'yanka, wanda ka ce hannunsa bai dace da allura ba. Daga Doha nake rubuto maka, babban birnin ƙasar Katar, inda nake aikin tuƙi yau shekara huɗu. Na san wasiƙar nan ba ta da mai kai ta. Amma akwai maganar da na kasa faɗa wa Inna a waya, na kasa faɗa wa Rabi matata, kuma in ban fitar da ita ba ƙirjina zai fashe.

Tsoro nake ji, Baba. Idona na hagu ya fara yin abin da naka ya yi, kuma ni direba ne.

Bari in fara ta inda za ka ji daɗi, wato ta wajen wasa, don ta nan abin ya bayyana. Kamfanin da nake wa aiki ya haɗa ni da wani injiniya ɗan Japan, dattijo mai furfura, siriri, wanda zai iya yin tafiyar awa guda a mota bai ce uffan ba. Sunansa ya gagari harshenmu, sai mu direbobi muka sa masa Malam Shiru. Kullum da safe ina ɗauko shi daga gidansa a Mesaimeer, mu bi hanyar arewa mu wuce gonakin Umm Salal zuwa wajen aikinsu, da yamma in dawo da shi. Turancinsa guntu, nawa ma guntu, sauran kuma da hannu muke cikawa.

Wata rana da azahar ya fito ya same ni a inuwar mota na tona gurabe a rairayi, ina buga dara ni kaɗai, duwatsu a hannun dama, murafen kwalba a hagu. Ya tsaya ya kalla har na ji kunya. Washegari ya zo da wani allon katako mai naɗewa da ɗan akwati, ya nuna allon ya ce shogi. Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar ina zuwa gidansa mu buga, yau kusan shekara biyu.

Da kana nan da ka raina darar nan tamu, ko kuma ka ce ƙarya nake. Allon gida tara ne a tsaye, tara a kwance. Kowa yana da 'ya'ya ashirin, kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane da tafiyarsa. Akwai sarki, shi ake farauta, kuma taku ɗaya yake yi duk inda ya ga dama. Akwai zinariya biyu da azurfa biyu masu tsaronsa, su ma taku ɗai-ɗai, sai dai zinariya ba ta komawa baya a karkace, azurfa kuma ba ta zuwa gefe ko baya kai tsaye. Akwai doki biyu masu tsallake kan kowa, gaba kawai. Akwai mashi biyu a kusurwa, suna tafiya gaba iya ganinsu amma ba su san hanyar dawowa ba. Sai ƙananan dakaru tara a sahun gaba, masu taku ɗaya.

Manyan guda biyu ne na kasa riƙe sunansu, na raɗa musu nawa. Ɗaya yana tafiya miƙe, gaba ko baya ko gefe, komai nisa, na kira shi tirela. Ɗayan kuma a karkace yake ratsa allon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ya bin layin kowa, na kira shi ɗan acaba. Ranar da na yi wa Malam Shiru bayanin ɗan acaba na fara ganin haƙoransa.

Abin da zai ba ka mamaki, 'ya'yan duka launinsu ɗaya. Ba kara da dutse kamar namu. Kowane ɗan katako yana da tsini a gaba, inda tsinin ya kalla shi ke nuna mai shi. Dalili kuwa, in ka ci ɗan abokin wasanka ba ya mutuwa. Sai ka ɗauke shi ka ajiye a gefen allo ta hannunka na dama, ya zama naka. Duk lokacin da yi ya zo kanka, kana iya fasa motsa na kan allo, ka ɗauko shi ka dasa a duk gidan da ba kowa, tsininsa yana kallon tsohon ubangidansa. In kuma ɗanka ya kutsa cikin layuka uku na ƙarshe a ƙasar abokin gaba, sai ka kifa shi, jan rubutu ya bayyana a bayansa, ya sami ƙarin girma. Ɗan dakaren da kowa ya raina sai ya koma yana tafiyar zinariya. Akwai haramun guda da ta ci ni sau uku a watan farko: in ka dasa dakare a layin tsaye da kake da wani dakaren da bai kifu ba, wasa ya ƙare, an cinye ka, ba roƙo ba ban-haƙuri.

Isiyaka, ɗan Zangon Kumasi da muke kwana ɗaki ɗaya da shi a unguwar Najma, aikin gadi yake yi, ya leƙa takardar da na zana tafiyar 'ya'yan a kai, ya ce da irin kiran da suke wa aboki a can, “Masa, wannan dara na aljanu ne, ka bar shi.” Ban bari ba. Ka san jinin wa ke jikina.

Kuma na iya, Baba, ba yabon kai ba. Cikin shekara guda na fara sa dattijon nan yana cire tabarau yana goge goshi. Da farko yakan cire tirelarsa da ɗan acabansa ya ajiye don ya sauƙaƙa mini, daga baya ya mayar da su. Sau huɗu na ci shi da cikakkiyar rundunarsa, na kuma sayi katin waya musamman na kira Yaya Sale na faɗa masa, shi kuwa ya ce in an gama shirmen in turo wa yara takalman makaranta.

Daga nan abin ya juya. Tun bayan azumin bara na fara faɗuwa irin faɗuwar da ba ta da ma'ana. Zan shirya hari mai kyau a tsakiya, ina ganin saura taku uku in kama sarkinsa, sai kawai ɗan acabansa ya faɗo daga gefen hagu ya ɗauke mini tirela. Ban ga lokacin da ya je can ba. Wani lokacin kuma ya dasa mini azurfa a bayan sarki, in ce daga ina, ya nuna mini 'ya'yan da ya ci, suna nan a ajiye a damansa, wato haguna, a fili, ba wanda ya ɓoye su. Nakan yi dariya in ce gajiya ce. Na ɗora wa zafin garin nan, na ɗora wa shayin Isiyaka, har fitilar ɗakin mutumin na ɗora wa laifi.

Shi ba ya gardama. Amma akwai al'adarsu, in an gama wasa ba a tashi, sai a mayar da 'ya'yan baya a sake bin wasan taku-taku, a ga inda aka yi kuskure. Wata Juma'a ya mayar da wasa uku a jere daga kansa, don ba ya mantuwa, ya ɗora yatsa a wuri ɗaya sau uku. Ya ce, “Hagu, Habibu. Kullum hagu.” A daidai lokacin na lura da abin da nake yi. Don in ga inda yatsansa yake, ba idona na juya ba. Kaina gaba ɗaya na juya.

Haka kake yi, Baba. Na tuna ka a bakin shago a Funtuwa, in mutum ya yi sallama ta gefe sai ka juyo da wuya da kafaɗa duka, muna cewa tsufa ne. Na tuna yadda kake miƙo allura da zare ga duk wanda ke kusa, kana cewa, “Zura mini, idonku nake gwadawa.” Na tuna rigar sallar da aka dawo maka da ita don aikin wuyan ya karkace, ka ce yadin ne ba shi da kyau, ka yi fushi kwana biyu. Da abin ya gama cinye ka, dara kaɗai ta rage maka. Kana zaune a gindin dalbejiya kana shafa gurabe da tafin hannu, kana bambance kara da dutse, kana cin masu ido biyu kana yi musu tsiya. Mutane suna cewa abin sha'awa. Ni ban taɓa ganin sha'awarsa ba, juya baya nake in shiga gida.

Na yi shiru da maganar wata biyar. Wata biyar ina ɗauke da ran mutum a bayan mota, ina ratsa garin da kowace mahaɗa shataletale ce, kuma a shataletalen nan ta hagu motoci suke fito maka. Larabawan nan kuwa in sun hau manyan motocinsu ba su san birki ba, fitila kawai suke watsa maka, yalla yalla, wato maza maza. Na koyi dabaru. Ina juya kai sau biyu kafin in shiga. Ina bin bayan babbar mota in fake da ita. Na gyara madubi har ya kusa kallon ƙofa. Duk safiya in na riƙe sitiyari sai in karanta duk addu'ar da ka koya mini, in na sauke shi lafiya da yamma in ce to, ka gani, ba komai.

Ranar Litinin ɗin makon jiya, da hantsi, muna fitowa daga wani shataletale kusa da inda ake gine-gine. Hanya fes, na duba, na rantse na duba. Sai na ji Malam Shiru ya kurma ihu, mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta wuce ta mai karatu ba. Na taka birki. Wani lebura ne cikin shuɗin kayan aiki, yana tsallakowa ta haguna da kular abincinsa a hannu. Madubin motar ya doki kular, shinkafa ta watse a kwalta. Shi bai faɗi ba. Ya tsaya yana kallona ta gilashi, bakinsa a buɗe, tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfen motar ba ta kai kamu ɗaya ba. Baba, ban gan shi ba. Ba wai na gan shi a makare ba ne. A idona babu kowa a wurin, sai ga mutum.

Na fito na ba shi haƙuri da duk yaren da na sani, na tsuguna ina tattara masa murfin kula kamar wannan ne abin da ya dame shi. Ya karɓa ya wuce yana waiwaye. Har yau in na rufe ido fuskarsa nake gani. Ƙila shi ma yana da mata da 'ya'ya a wata ƙasa suna jiran ya kira ranar Juma'a.

Malam Shiru bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da muka isa ya yaga takarda ya rubuta sunan wani asibitin ido ya miƙo mini da hannu biyu. Bai kai ƙarata ofis ba. Na ce wa manajanmu zazzaɓi nake, aka ba wani direban motar na 'yan kwanaki.

Na je asibitin. Likitar ta sa na tura fuskata cikin wani abu kamar ƙwarya, ta ba ni maɓalli a hannu, ta ce in kafe ido a tsakiya, duk sanda na ga ɗan haske ya ƙyafta in danna. Da idon dama na yi ta dannawa. Da aka zo na hagu sai na zauna ina jira, ina jira, ina jin injin yana ƙara alamar yana aiki, ni kuwa ba abin da nake gani. Har na danna sau biyu na ƙarya. Ta fito da takarda mai zane biyu, na dama da ɗan duhu a baki-baki, na hagu kuwa rabinsa baƙi ƙirin. Ta ce hawan jinin ido ne, kuma yana bin jini. Ta tambaya ko akwai mai shi a gidanmu, na ce mahaifina. Ta ba ni maganin ɗigawa, safe da yamma har iyakar rayuwa. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, amma in na kiyaye ana iya riƙe sauran. Da ta ji aikina sai ta ajiye biro ta dube ni, ta ce kada in ƙara tuƙi.

Ita ba za ta kira kamfani ba, takardar a hannuna ta ba ni. Ga ta nan a ƙarƙashin katifa. Ba wanda ya sani sai ni da dattijon nan. Lasisina yana da sauran shekara biyu. In na yi shiru, gobe Asabar zan karɓi makulli in ci gaba, ba mai cewa komai. In kuwa na kai takardar, ban san abin da zai biyo baya ba. A ƙasar nan zamanka a hannun kafil yake, wato wanda ya ɗauko ka aiki, kuma direba aka rubuta a katina. Direban da ba ya gani, me za a ajiye shi ya yi? Isiyaka ya taɓa cewa irin waɗannan wani lokaci sukan mayar da mutum gadi a bakin ƙofa. Wani lokacin kuma tikiti ne, khalas, shi ke nan, cikin mako guda kana filin jirgin Kano da jakarka.

Akwai ƙa'ida ɗaya ta shogi da na bari sai yanzu, don ita ta fi ba ni wuya. Ba a cin sarki. In mutum ya ga ba shi da mafita, shi da kansa zai ɗora hannu a gefen allo, ya sunkuyar da kai, ya furta da bakinsa cewa an cinye shi. Wanda ya yi nasara ba ya cewa komai, ba ya murna, zama yake ya jira. Ni kuwa shekara biyu ina zillewa. In na ga ta ɓaci sai in yi dariya in hargitsa 'ya'yan in ce a sake, shi kuma ya ƙyale ni don baƙo ne ni a wasan.

Yau bayan la'asar na hau bas na je. Mun buga, na sha kashi, wannan karon ma ba ta hagu ba, hankalina ne ba ya wurin. Sarkina ya maƙale a kusurwa, zinariyarsa a gabansa. Na kai hannu zan hargitsa kamar kullum, sai na ga ya naɗe hannuwansa a cinya yana kallon allon. Bai kalle ni ba. Muka zauna haka, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani, shayin da ya zuba mini ya huce. Ban san minti nawa ba. Na ji haushinsa, Baba, na ji kamar in kife allon a kansa. Me ya sa ba zai je ofis ya faɗa ba, ya huta, ni ma in huta, in sami wanda zan zaga? Daga ƙarshe na ɗora hannuna a gefen allon, na sunkuya, na ce an cinye ni, da Hausa, don ban yarda da muryata a wani yare ba. Ya sunkuya shi ma, ya fi ni ƙasa. Da zan fita ya ce gobe zai riga ni zuwa ofishin manaja, zai zauna a kujerar waje, ba zai shiga ba sai na kira shi.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da na kai ka asibiti a Kaduna, likita ya ce an makara? A tasha, muna jiran mota ta cika, na ɗaga maka murya a gaban mutane, ni da gemuna, na ce da ka faɗa tun da wuri da ba a kai haka ba, na ce taurin kanka ne ya makantar da kai. Ba ka yi fushi ba. Ka juyo da fuskarka inda kake jin muryata ka ce, “Habibu, da na faɗa, wa zai ƙara kawo mini ɗinki?” Na yi tsaki. Har ka bar duniya ban janye tsakin nan ba.

Ka yafe mini, Baba. Ban san haka abin yake ba. Ban san mutum yana iya sanin gaskiya sarai ya kuma tashi kowace safiya ya yi wa kansa ƙarya, don akwai bakuna a bayansa. Kai mu tara ka ɗauka a kan keken ɗinki ɗaya, kuma ba ka taɓa kusan kashe ɗan kowa ba. Ni wata biyar kawai na yi a inda ka yi shekaru, na kusa ɗaukar rai.

Gobe da safe zan kai takardar. Ban yi maka alkawarin ba zan yi kuka a gaban manaja ba. Abin da ya fi tsorata ni ba tikitin ba ne. Rabi ta haihu bayan hutuna na ƙarshe, mace, mun sa mata sunan Inna. Watanta goma sha ɗaya, an ce ta fara tsayawa da bango. Hoto ɗaya kawai aka aiko mini da shi, ita da Rabi, ta hannun wani mai dawowa, kuma an ɗauke shi daga nesa, fuskar ba ta fito ba. Jiya na rufe idon dama da tafin hannu na kalli hoton da na hagu kaɗai. Rabi na gani, ita yarinyar babu ta.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifina, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna fiye da yadda yake. Ka tsare leburan nan duk inda yake, Ka mayar da shi ga iyalinsa da ƙafafunsa. Ka saka wa dattijon nan da alheri, Ka shirye shi. Ni kuma, ya Ubangiji, ban roƙe Ka mota ba, ban roƙe Ka Doha ba. Ka ba ni ƙarfin ƙafar da zan shiga ofishin nan gobe, Ka kuma riƙe mini idon dama har in isa gida in ga fuskar 'yata.

Wassalam. Ka huta lafiya, Baba.

Ɗanka mai neman gafararka,
Habibu
Najma, Doha, yammacin Juma'a